Ƙasar da ka shiga a gem kaɗai, ka san ta ko ba ka san ta ba?

Telan_Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu buga gem ce, musamman waɗanda Allah ya nufa suka taka ƙasashen waje.

Ni tela ne a Kano, iyakar tafiyata Legas. Bara na sayi PS4 na hannu, kuma da daddare in na rufe shago aka yi sa'a akwai wuta, nakan ɗan taɓa. Wanda ya fi cin raina shi ne Yakuza 0, na kamfanin Sega. Labarin yana faruwa ne a watan Disamban 1988, lokacin da kuɗi ya yi wa Japan yawa har farashin fili ya haukace, kuma rigimar gaba ɗaya a kan wani ɗan kangon fili ce a tsakiyar unguwar Kamurocho, wanda bai fi ɗaki ɗaya ba. Unguwar nan na san ta fiye da yadda na san Sabon Gari. Na san lungun da ke ɓullewa bayan gidan wasanni, na san inda ake sayar da taliyar nan tasu mai romo, na san kantin da zan sayi maganin ƙarin ƙarfi kafin faɗa. Har na fara gane yadda suke sunkuyawa, da yadda ƙarami yake zuba wa babba abin sha da hannu biyu.

Bayan shi na buga Ghost of Tsushima, na zama jarumi a kan doki a shekarar 1274, Mongol sun shigo tsibiri. Sai daga baya wani abokin cinikina ya ce min ai wannan ba Japanawa suka yi shi ba, Amurkawa ne. Abin ya tsaya min a rai.

To ga tambayar. Wannan jin da nake yi cewa na san Japan, akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, ko ruɗin allo ne kawai? Wanda ya buga sannan ya je ya gani da idonsa, me ya tarar? Kuma ta ɗaya ɓangaren, su da suke buga gem ɗin da aka ajiye a Afirka, wace Afirka suke tafiya da ita a kansu?

Ɗalibi_a_Tokyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Ina karatu a nan, kuma na buga Yakuza 0 tun ina gida kafin in taho, don haka zan faɗi abin da na gani.

Kamurocho an kwaikwayo ta ne daga Kabukicho, a Shinjuku. Sotenbori kuwa, ɗaya unguwar da ke gem ɗin, inda jarumi na biyu Majima yake, Dotonbori ce ta Osaka. Ranar da na fara tsayawa a gaban jar ƙofar nan mai fitilu da ke bakin titin Kabukicho, wallahi ƙafata ce ta gane wurin kafin kaina. Faɗin titunan, yadda allunan talla suke hawa bene-bene har sama saboda kowane hawa da kasuwancinsa, kantin Don Quijote da ke kusurwa da kayansa cunkushe har bakin hanya, injinan sayar da lemo a ko'ina, duk haka suke. Ta fuskar gini da taswira, masu gem ɗin ba su yi maka ƙarya ba.

Inda aka ruɗe ka shi ne rayuwar da ke cikin titin. A gem, ba ka yin taku ashirin sai 'yan daba sun tare ka, ka ɗauki keke ka maka wa mutum. Ni tun zuwana ban ga an ɗaga wa wani hannu a titi ba. Su kansu 'yan yakuza, wato ƙungiyoyin 'yan daba na Japan, sun ragu ƙwarai. A farkon shekarun 1960 sun haura 180,000, yanzu kuwa alƙaluman 'yan sanda na nuna kusan 20,000 ne, tun bayan dokar 1992 da kuma dokokin 2011 da suka hana su buɗe asusun banki ko kama hayar gida cikin sauƙi. Japan ɗin da nake ciki kullum ita ce ta jirgin ƙasa mai cike maƙil amma tsit, ba mai amsa waya, da ta ware shara kashi-kashi, kowace iri da ranar fitar da ita. Wannan ba wanda zai sayi gem a kansa.

Amma babban abin da gem ya ɓoye maka ba wannan ba ne. Gem yana ba ka jikin ɗan gari. Kai ne Kiryu, jarumin labarin, kowa na jin maganarka, kana jin ta kowa, kowace ƙofa ka tura ta buɗe. Ni da na je, baƙar fata ne mai ƙaramin gemu da ba ya iya karanta allon abinci. Akwai wuraren da mai gadi zai haɗa hannayensa alamar gicciye a gabanka, wato ba a karɓar baƙi. Kuma a Kabukicho musamman, da yake akwai 'yan Afirka da ke aikin janyo mutane zuwa mashaya, in ka tsaya a bakin titi da daddare wasu sai su kauce maka, sun ɗauka kai ma shi kake yi. Taliyar da kake sha'awa kuwa, yawancin romonta na ƙashin alade ne ko an sa giyar girki. Ni sai na taka zuwa Shin-Okubo, tafiyar 'yan mintuna daga nan, inda akwai wani ɗan lungu na shagunan halal da ƙaramin masallaci a saman bene, sannan nake samun nama da shinkafar da hankalina ya kwanta da su. Lungun nan yana dab da unguwar da ka haddace, amma Kiryu bai taɓa buƙatarsa ba, shi ya sa ba ka san da shi ba.

Game da Tsushima, abokin cinikinka ya yi gaskiya. Sucker Punch ne suka yi shi, suna jihar Washington a Amurka, ya fito a 2020. Tushen labarin gaskiya ne: Mongol sun sauka a gaɓar Komoda a 1274, mahaya wajen 80 suka tare su aka gama da su. Amma jarumin gem ɗin Jin Sakai da shugaban Mongol ɗin Khotun Khan ƙirƙira ce, salon waƙar haiku da kake zama kana tsarawa sai ɗaruruwan shekaru bayan nan ya samu, sulke da takubban ma na zamanin baya ne aka jawo su. Tsibirin na gaske kusan duk dutse ne da daji, ba filayen furanni ba. Abin mamakin shi ne Japanawa sun san duk wannan kuma sun so shi. Mujallar Famitsu ta ba shi maki 40 cikin 40, hukumar tsibirin ta naɗa shugabannin aikin biyu jakadun yawon buɗe ido a 2021, kuma da guguwa ta karya wata ƙofar wurin bauta ta Watatsumi a 2020, masu buga gem ɗin na cikin waɗanda suka tara sama da yen miliyan 27 don gyara. Abokan karatuna na nan suna cewa sun san ba tarihi ba ne, amma an yi shi da ladabi.

Mai_Gidan_Gem_Kurna ya amsa:

Tela, ni na yi shekaru ina riƙe gidan gem, tun zamanin PS2 da ake biyan naira ashirin, don haka bari in ba ka labarin Amurkar yaran unguwa.

Bayan ƙwallo, ba abin da aka buga a shagona kamar GTA San Andreas. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai kai ka daga Grove Street har filin jirgi ba tare da ya duba taswira ba. Lambobin sirrin kawo tanka da cika jini a bangon shago aka rubuta su da gawayi, wasu kuma a bayan littafin makaranta. Amma ka tambaye shi me ya sa CJ, jarumin gem ɗin, ya dawo gida, ko wane ne ɗan sandan da ke juya shi, ba ya sani. Da zarar an fara magana a allo sai a danna a wuce, saboda lokaci kuɗi ne, kuma Turancin ma na 'yan unguwar baƙaƙen Los Angeles ne, ko malamin Turanci sai ya kasa kunne.

To ka ga abin da ya faru. Gem ɗin an yi shi a Edinburgh, a Scotland, a 2004, kuma rabinsa zolayar Amurka ce: tallace-tallacen rediyo, shagon bindiga a kowace unguwa, gidajen abincin da ke sa ka ƙiba. Ƙarshen labarin ma daga tarzomar Los Angeles ta 1992 aka ɗauko shi. Duk wannan ya wuce ta saman kan yaran. Abin da ya rage musu shi ne ƙasa mai faɗin titi inda kake fizge mutum daga motarsa ka wuce. Turawan Birtaniya sun yi wa Amurka ba'a, yaran Kurna suka karɓa a matsayin labarin gaskiya. Akwai wanda ya taɓa tambayata da gaske ko a can in ka shiga gareji aka sake wa mota fenti 'yan sanda na ƙyale ka.

Daga baya na daina sa shi ga ƙananan yara, don a jikin kwalin ma an rubuta na 'yan 18 ne, iyaye kuma sun fara magana.

Ummu_Hanan ta amsa:

Ɗalibi ya ce Japanawa sun yafe kurakurai saboda an yi da ladabi. Ni tambayar Malam Tela ta biyu ce ta dame ni, don mu ba a cika yi mana wannan ladabin ba.

Resident Evil 5 ya fito a 2009, na Capcom, kamfanin Japan. An ajiye shi a wani gari na ƙirƙira, Kijuju, a Afirka. Kana riƙe da Bature mai damtse kana harbin baƙaƙen da cuta ta haukatar, a cikin kasuwa mai ƙuda da rumfunan kwano. Tun daga tallar da aka nuna a 2007 aka yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka. Da ka yi nisa kuma sai ka shiga fadama ka tarar da mutane da bantunan ciyawa da masu, jiki duk zane. Na buga shi da ƙanena, muna dariya da farko, daga baya dariyar ta ɗauke.

Far Cry 2 na 2008 ya fi shi hankali, don an ce masu yin sa sun je Kenya sun ga daji da idonsu, kuma yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa iska na kora ta, duk wanda ya ga gobarar daji da rani zai sara musu. Amma ƙasar ko suna ba ta da shi. Kuɗinta ɗanyen lu'ulu'u, kowa ɗan bindiga ne, kai kuma zazzaɓin cizon sauro na kayar da kai kana neman ƙwaya. Ba makaranta, ba biki, ba mai shayi. A Call of Duty: Advanced Warfare na 2014 akwai aikin da ake yi a Legas ta nan gaba, a ceto firaministan Najeriya, mu da rabonmu da firaminista tun 1966.

Yanzu ku ɗauki yaro a Poland ko Koriya da ya buga waɗannan ukun. Shi ma zai ji a ransa ya san Afirka, daidai yadda Malam Tela ke jin ya san Japan. Bambancin kawai, Tela an nuna masa inda ake cin abinci da inda ake waƙa da yadda ake gaida babba, shi kuwa an nuna masa inda ake mutuwa. Kuma ba shi da ma'aunin da zai gane an rage masa wani abu, kamar yadda mu ma ba mu da shi a kan ƙasarsu.

Abu_Sumayya ya amsa:

Malama Ummu Hanan, maganarki haka take, sai dai abin yana ɗan sauyawa. Ni na yi karatun Larabci, kuma Assassin's Creed Mirage na 2023 ya ba ni abin da ban zata ba.

Bagadaza ce a shekarar 861, zamanin Abbasiyawa. Birnin da'ira da Halifa Mansur ya gina a 762, mai ƙofofi huɗu, ta Kufa, ta Basra, ta Khurasan da ta Sham, yau ko tubalinsa ɗaya ba ya tsaye. Don haka masu gem ɗin, a Bordeaux ta Faransa, daga littattafan tarihi da kufan wasu birane irin su Samarra suka harhaɗo shi. Wato ko ɗan Iraƙi baƙo ne a wannan Bagadazar. Na sa muryoyin a Larabci, jarumin fim ɗin nan Eyad Nassar ne ya yi muryar Basim, wanda kake bugawa da shi. Ina tafe a kasuwar Karkh, ga masu rini, ga masu sayar da turare, kawai sai na ji kiran sallah yana tashi daga nesa. Na ajiye hannun gem ɗin har aka gama. Na saba jin kabbara a gem daga bakin wanda za a harbe, ban saba jin ta a matsayin sautin gari da ke zaman lafiya ba.

Sun sa Baitul Hikma, sun sa marubuci Jahiz, sun sa Ali ɗan Muhammad wanda daga baya ya jagoranci tawayen bayin Zanj a 869. Akwai kuma wani kundi a ciki da ke bayanin kayan tarihi, wanda aka yi da taimakon masana. Wanda bai taɓa jin cewa Musulmi sun yi zamanin fassara da ilimin taurari ba, zai fita da wani abu.

Amma ni da Bature ba gem ɗaya muke bugawa ba, ko da faifai ɗaya ne. Shi ƙubbar masallaci wurin hawa ce ya hango gari ya diro cikin ciyawa. Ni sai na ji nauyin taka ta da takalmi. Can ƙasan labarin kuma akwai tatsuniyarsu ta wasu halittu da suka riga ɗan Adam, wadda shi nishaɗi ce a wurinsa, ni kuwa ina kallonta da taka-tsantsan. Kowa ma Larabcin littafi yake yi, har ɗan dako, abin da ba a yi a kowace kasuwa.

Kuma kamfanonin nan sai an yi musu ihu suke gyarawa. A 2012 an janye filin Favela na Call of Duty: Modern Warfare 2 saboda an sami hadisi rubuce a jikin firam a banɗaki. A 2021 sun ba da haƙuri kan shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa a Call of Duty: Vanguard. Japanawan ma da ake cewa suna da haƙuri, a 2025 maganar farfasa kayan wurin bauta a Assassin's Creed Shadows har majalisarsu ta kai, firaministan lokacin, Ishiba, ya yi magana, aka gyara ranar da gem ɗin ya fito. Wanda ya zana ba ya ganin abin, don a wurinsa ado ne kawai.

Telan_Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ɗalibi, maganar romon nan ta kashe min jiki, na daɗe ina haɗiyar yawu a banza. Hajiya Ummu Hanan, to mu Hausawa fa? Akwai wanda ya taɓa sa mu a gem ko ta wace fuska, ko mu ko a taswirar ba mu fito ba?

Bazazzagi_Na_Asali ya amsa:

Kun fito, Tela, amma da rigar aro, kamar yadda Kanawa suka saba.

A watan Agustan 2021 aka ƙara wa Age of Empires III: Definitive Edition wani sashe mai suna The African Royals, da al'ummomi biyu, Habasha da Hausa. Gem ne na kafa gari da tara dukiya da haɗa runduna, kana kallo daga sama. In ka zaɓi Hausa, ka danna kan manomi ka ba shi aiki, da Hausa zai amsa maka. Ranar farko sai da na kira matata ta zo ta ji. Akwai 'yan lifidi, dawakai sanye da kayan auduga masu kauri irin waɗanda muke gani a hawan sallah, akwai maharban Fulani, akwai maroƙa, shanu kuma dukiya ne da kake kiwo ka sayar. Har jami'a kake ginawa ta ƙara maka tasiri. An yi bincike, ba a yi mana bantun ciyawa ba.

To ga inda suka taɓo ni. Shugabar Hausa a gem ɗin Sarauniya Amina ce, amma babban birnin da suka ba ta Kano. Amina ta Zazzau! Yanzu akwai dubban mutane a Brazil da Jamus da suka tafi da cewa Amina Bakanuwa ce, kuma na san ba Bakanon da zai rubuta musu takardar gyara. Sun kuma haɗe Kano, Katsina, Zazzau da Gobir sun mai da su ƙasa ɗaya mai tuta ɗaya, alhali garuruwan nan sun sha gwabzawa da juna kafin jihadi. A Civilization VII na 2025 ma an sa Amina cikin shugabanni, can kuma tsarin gem ɗin ya ba ka dama ka ɗora ta a kan Rumawa ko Misirawa in ka ga dama.

Na kan shiga buga shi da mutane ta intanet, kuma hirarsu a kan Hausa ba ta wuce ko 'yan lifidi sun cika tauri, ko a rage musu ƙarfi, ko minti nawa ya kamata ka kai kafin ka sayar da shanunka. Wani da muka buga da shi, da ya ga na rubuta cewa yarena ne ake yi, sai ya tambaye ni ko har yanzu akwai masu jin sa. Na ce masa muna da yawa, har BBC da Muryar Jamus suna watsa labarai da shi kullum. Ya yi mamaki sosai, ya ce shi ya ɗauka irin su Aztec ne, an gama da su tuntuni.

Ba ya buƙatar babbar kwamfuta sosai, amma ka nemi linzami na daban, da allon taɓawa na laftof ba za ka iya juya runduna ba.

Mai_Gidan_Gem_Kurna ya amsa:

Bazazzagi, Turawa ma sun duba sun ga inda kasuwa take, shi ya sa suka kawo ta Kano. Ka yi haƙuri. Tela, in za ka gwada, ka zo shago da yamma bayan la'asar, akwai kwamfuta ɗaya da ke ɗauka, sai dai sashen Hausan daban ake sayensa, kuma saukar da shi na cin data sosai, don haka ka taho da taka.